Tuwon Inna a Gonar Inabi

Ummi, ke kika jawo wannan babin. Ran nan muna zaune a tsakar gida ana tsinkar zogale na ji kina gaya wa ƙannenki wai kakarku Inna mace ce mai taurin zuciya, wai ta taka har Madina amma ta ƙi leƙa gidan 'yarta. Ban tanka miki ba saboda akwai baƙi, amma maganar ta tsaya min a rai. Gaskiya ne ba ta shiga gidanmu ba. Sai dai ke a lokacin kina goye a bayana, ko haƙori ba ki fitar ba, ban san inda kika samo bakin ba da labarin ba. To ku zauna ku ji daga wadda aka yi abin a kanta.

Ni ce 'yar farin Inna. A ƙauyenmu na ƙasar Kazaure, a wancan zamanin, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama hira da shi. Inna kuwa ta fi kowa riƙe wannan, don ta wajen uwa jinin Fulani gare ta. Ana yaye ni Goggo, yayar babana, ta ɗauke ni. A ɗakinta na girma, ita ta koya min tuƙa tuwo da kaɗa miya, ita kuma ta kai ni ɗakin miji. Katanga ce kawai tsakanin gidan Goggo da namu, kullum ina ganin Inna, amma in na durƙusa na gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wajen. In tana so a gaya min abu sai ta ce da na kusa, ku ce wa waccan ta ɗauke kwanonta. Ban taɓa ɗaukar haka a ƙiyayya ba, kowace uwa haka take yi. Abu ɗaya ne ya riƙa cina da na girma. Duk unguwarmu an san ni da iya miya, in ana suna ni ake kira, amma Inna ba ta taɓa sa abincin hannuna a bakinta ba. Ƙannena mata duk ta ci nasu, ta kushe, ta gyara musu. Ni ko kushen ban samu ba, kuma ina so.

Da babanku ya sami gurbin karatu a jami'ar Madina ya fara tafiya shi kaɗai, daga baya ya zo ya ɗauke ni. Madinar da na tarar ba wannan da kuke gani yanzu ba ce. Ƙaramin gari ne, masallacin Manzon Allah a tsakiya, lunguna da shaguna kewaye da shi, in mota ta ɗan yi gudu kaɗan sai ki ga gidaje sun ƙare kin shiga gonakin dabino. Mutanen garin iri biyu suke hidima da su, masu ziyara da suke zuwa su tafi, da ɗalibai da suke zuwa su daɗe. Ko'ina kika duba ga su nan da fararen riguna da littattafai a hammata, baƙaƙe da jajaye, kowa da irin Larabcinsa. Mu muna Sultana, a wani ɗan gida na haya a saman shagon mai gyaran firji, ɗaki da falo, wanda a can ake ce wa shagga. Maƙwabciyata Hajja Batula ce, Bahaushiyar Sudan, wadda kakanninta suka fito hajji a ƙafa suka zauna a hanya. Hausarta rabi Larabci ce, muryarta kuwa har titi. Mijinta, Baba Idrisu, yana kula da gonar wani Balarabe ta wajen Kuba. Ita ta karɓi haihuwarki, Ummi, ita kuma ta sha dariya da ta ji an sa miki sunan Inna na ce ba zan iya faɗarsa ba.

A shekarun nan na tamanin aikin hajji ya faɗo tsakiyar zafi. Wani ɗalibi da ya dawo daga hutu ya kawo mana labari cewa bana Inna za ta sauke farali, ita da ƙaninta Kawu Sale, kuma Madina za a fara sauke su kafin Makka. Wallahi ranar rawa ce kawai ban taka ba. Na wanke gidan nan har bango, na sake labule, Malam, wato babanku, ya sayo sabuwar katifa. Shi da kansa ya ce ya san Inna ba za ta kwana rufi ɗaya da suruki ba, don haka ya haɗa littattafansa ya koma ɗakin wani abokinsa a masaukin ɗalibai, sai dai ya riƙa leƙo mu da rana. Ni kuwa na gama tsara komai a raina, abin da zan dafa ranar farko, da na washegari, da inda zan zauna in riƙa satar kallonta tana ci.

Masaukinsu wani tsohon bene ne kusa da masallaci, ɗakin mata cike da tabarmi da jakunkuna da butoci. Kawu Sale na fara gani a bakin ƙofa, yana ganina ya riƙa faɗin Hajo ce wannan, Hajo ta zama Balarabiya. Na shiga na hango Inna a lungu, ta rame, ta yi furfura. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon tabarma, sai ta miƙo hannu ta zare ki daga bayana. Nan fa bakinta ya buɗe, ta ɗaga ki sama, ta shinshina wuyanki.

"Takwara, ke ce haka? Wa ya ba ki wannan kumatun? Ki gaya wa mutanen gidanku kowa yana gaishe su, Goggonsu ma tana nan ƙalau."

Na gane yadda za mu yi ke nan, ke ce za ki zama 'yar aikenmu. Sai ni ma na dube ki.

"Ummi, ki ce wa Inna an gyara mata ɗaki. Malam ya koma wajen ɗalibai, ba kowa a gidan sai mu."

"Takwara, in mai gida ya fita, gidan ya tashi daga nasa ne? Nan ma ya ishe ni."

Ta jawo wani ƙullin tsumma daga jakarta ta ɗora miki a cinya, wai tsarabar takwara ce. Kuka ce da daddawa da barkono, da man shanu a 'yar kwalba. Na karɓa na yi godiya, na fito.

Ban haƙura ba. Washegari na tashi na yi tuwon shinkafa da miyar taushe wadda ta ji nama, na zuba a kula na kai mata. Ta buɗe, ta ce ma sha Allah, ta kira matan ɗakin ta rarraba musu. Suka cinye tas suna sa min albarka, wata har tana suɗe kwano. Inna kuwa ta jawo gurasarta ta tsoma a shayi. Ta san da cefanen wa aka yi girkin, kuma abincin gidan suruki ba ya wuce mata. Ranar raina ya ɓaci sosai, ba zan ɓoye muku ba. Na koma gida na dire kular nan da ƙarfi har Hajja Batula ta leƙo. Da na ba ta labari ta riƙe haɓa.

"Ya salam, wannan wace irin kunya ce? Ni da uwata a kwano ɗaya muke ci, har mu yi faɗa a kan ƙashi. Ki ɗauko tasi ki sa ta a ciki ki kawo ta, halas, shi ke nan."

Na ce mata ba ta san Inna ba. In aka kawo ta bakin ƙofar nan da ƙarfi, a kan matakala za ta zauna har motar Makka ta tashi.

Kawu Sale ne ya buɗa min hanya bai sani ba. Ranar da motar alhazai ta zaga da su wuraren ziyara Inna tana kwance da ciwon kai, ba ta je ba. Shi kuma gwiwa ta matsa masa, daga masauki sai masallaci. Sai ya ce, Hajo, ke 'yar gari ce, ki zaga da ita ta ga wurare mana. Da na zo da sassafe na tarar Inna ta yafa mayafi ta riƙe takalmanta. A lokacin mace ba ta cika shiga tasi ba namiji ba, don haka bas muka nufa. Bas ɗin garin a raba yake, maza a gaba, mata a baya da ƙofarsu daban, da allo a tsakani. Wajen matan kuwa ɗan ƙurƙut ne, ga lokacin alhazai, Turkawa da Indiyawa da 'yan garin duk an cusu. Wata ƙatuwar mata ta matsa mana gefen kujera, ba yadda Inna za ta yi, ta zauna a jikina, kafaɗa da kafaɗa. Tun da aka yaye ni jikinta bai taɓa nawa ba sai ranar. Na ji ƙanshin man shanu da hayaƙin gida a mayafinta. Dutsen Uhudu muka nufa, amma kafin mu kai zafi da jijjigar mota sun sa ta gyangyaɗi, kanta ya sauko a kafaɗata. Direba ya tsaya a Uhudu, mata suka sauka, ni ko motsi ban yi ba. Muka wuce har inda bas yake juyawa, muka dawo, sannan ta farka. Na ce miki, Ummi, ga Uhudu mun iso.

Daga ranar na mayar da ƙaramin garin nan babba. Inda ƙafa za ta kai mu sai in ce sai da bas, inda bas ɗaya ya isa sai in sa mu sauka mu sake wani. Muna fita in an sallame asuba gari ya ɗan waye, kafin rana ta fara dukan mutane, mu dawo ta sami azahar a masallaci. In za mu taka sai mu bi inuwar katanga, mu tsaya a randunan sanyi da masu gidaje suke ajiyewa a bakin titi sadaka, ta sha, ta shafa miki a ka. Na kai ta kasuwar dabino, masu shago suna miƙo mata ɗanɗano, tana karɓa tana gaya miki wannan ya fi wancan, wancan kuma zaƙin banza ne. Na kai ta masallacin alƙibla biyu. Duk inda muka je ke muke yi wa bayani, kina ta zubar da yawu ba ruwanki. Matan cikin bas suna kallonmu, manya biyu sun tasa jaririya a gaba suna ba ta tarihin gari. Ni dai daɗi nake ji, irin wanda ban san akwai shi ba.

Wata safiya na zaɓi bas ɗin da yake bi ta Sultana ya wuce jami'a. Da muka zo daidai shagon mai firji na ce, Ummi, ga tagarmu can sama, mai shanyar zani shuɗi. Ban dubi Inna ba, amma ta gefen ido na ga ta ɗaga kai. Ta kalli tagar nan, bas yana tafiya tana juya wuya, har muka sha kwana. Da muka kai ƙofar jami'a na ce ga makarantar babanki, nan take ta ja mayafi ta rufe fuska, kamar zai fito daga cikin katangar. Ashe kuwa ba ta yi kuskure ba. Ɗalibai suka shigo ta ƙofar gaba, ta saman allo na hango wata hula da ni na wanke ta da hannuna. Ke kuma kika zaɓi lokacin kika callara kuka. Hular ta juyo, ta tsaya, ta koma. A tsayawa ta gaba na ga Malam ya sauka, a wajen da ba gida ba shago, ya ɗora littafi a ka ya kama tafiya a ranar nan. Ya san in yana cikin motar Inna ko numfashin kirki ba za ta yi ba. Sai da muka yi nisa ta sauke mayafin ta gyara miki zama.

"Takwara, ubanki ɗan mutunci ne."

Na kai masa wannan maganar da rana, ya yi ta murmushi yana shafa ƙafarsa da ta yi bororo.

Amma kwanaki suna ta tafiya. Kawu ya gaya min jibi motocinsu za su tashi, su tsaya a Bi'ir Ali su ɗaura harami, daga nan sai Makka, daga Makka sai gida. Ba za su sake biyowa ta Madina ba. Inna kuwa har yanzu gurasa da shayi da dabino, shinkafar Larabawa ba ta karɓe ta ba. Na zauna na yi tunani a kan abin da take gudu. Rufin suruki take gudu, da cefanensa. Ban taɓa jin ta ce hannuna ne ba ta so ba. Sai na yanke shawara in bar maganar gida gaba ɗaya, in dafa mata a inda ba nasa ba, da abin da ba shi ya saya ba. Faɗa wa Malam ne ya fi min wuya, don ranar ya shigo da cinyar rago a leda, yana cewa a gwada ko gasasshe za ta ci. Na gaya masa abin da na shirya. Ya ajiye ledar.

"Wato ko gishirina ba a so ke nan, Hajara."

"Ba ƙi ba ne, Malam, ka fi ni sani."

"Na sani. So na yi dai ta shigo ta ga yadda na ajiye ki, in ta koma ta gaya wa mutane ba a wahala kike ba."

Ya ɗan jima yana kallon sabuwar katifar da ba wanda ya kwanta a kai, sannan ya ce in je in yi, Allah ya sa ta ci. Ya yi dariya daga baya, ya ce shi da abokansa za su ji da ragon. Amma na san abin ya sosa masa rai, kuma har ya bar duniya in an yi zancen zuwan Inna sai ya ce ita ce baƙuwar da ya yi wa ƙaura ta ƙi zuwa.

Hajja Batula da ta ji shirin ta ce mu Hausawan Najeriya sai mun bi ta bayan gida kafin mu shiga ɗaki, amma ta tashi tsaye. Ta ɗebo min garin dawa daga wanda take tuƙa asida da shi, tuwonsu na Sudan, ta ba ni busasshen nama da albasa da gishiri, ta ɗauko tukunyarta da muciya. Ni abin da na ɗauka daga gidana ƙullin tsarabar Inna ne kawai. Da sassafe Baba Idrisu ya zo da a-kori-kurar gona, muka biya masauki. Na ce miki, Ummi, yau Kuba za mu, daga nan maƙwabtanmu sun gayyaci Inna ta ga gona. Aka shimfiɗa tabarma a bayan motar muka hau mu uku, ni da Inna da Hajja Batula, iskar safe tana kaɗa mu. Muka yi nafila a masallacin Kuba, sannan motar ta bar kwalta ta shiga wata 'yar hanya tsakanin katangun laka.

Gonar nan, ku yarda da ni, in kin shiga sai ki manta a ƙasar duwatsu kike. Dabinai ne dogaye sun yi rumfa, injin ruwa yana ta bugawa, ruwa yana bin 'yan magudanai yana zagaya gindin kowace bishiya, ga na'ana'a da lemun tsami. A ƙarƙashin dabinon kuma an kakkafa sanduna an yi rumfuna, inabi ya hau ya rufe su, nonnansa suna reto har sai mutum ya sunkuya. Lokacinsa ne, ya nuna, wani fari wani baƙi. Inna ta tsaya ta riƙe baki, ba ta taɓa ganinsa a jikin uwarsa ba. Baba Idrisu ya yanko nono guda ya ɗauraye a magudana ya miƙa mata, ya ce inabi ne. Sai ta janye hannu.

"Bawan Allah, ba shi ne wanda malamai suke cewa ana yin giya da shi ba?"

"A wasu ƙasashen ne, Hajja. Mu nan ci muke yi, mu kai kasuwa, abin da ya rage mu shanya ya zama zabibi."

"Au, zabibin da alhazai suke kawo mana tsaraba, uwarsa ke nan?"

Ta karɓa ta jujjuya shi, ta ce a garin Manzo dai ba za a shuka abin banza ba, ta yi bisimilla ta jefa ɗaya a baki. Ta runtse ido don tsami-tsamin, ta ƙara wani. Har ta matse ɗaya ta ɗiga miki a harshe kika yamutsa fuska, ta yi dariyar da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. Aka shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin rumfar inabin, ta miƙe ƙafa, Hajja Batula ta zauna tana yi mata surutu.

Ni kuwa na zagaya bayan ɗakin injin, na kafa duwatsu uku, na hura wuta da busassun rassan dabino. Na sha yin tuwo a rayuwata, na biki da na suna, amma ban taɓa jin tsoron tukunya ba sai ranar. Na yi talge, ina addu'a kada ya yi gudaji. Na daka daddawar Inna da barkononta a ɗan turmin masu gona, na kaɗa kukar a hankali, na bar man shanun sai an sauke. Na san tana jin ƙarar muciya, na san iska tana kai mata ƙanshin daddawar da ita ta ƙulla da hannunta, kuma na ji surutun Hajja Batula ya zama ita kaɗai take yi. Na kwashe tuwon na mulmula, na zuba miya a kwano, na tsaya riƙe da su na kasa gaba. In ta kira Baba Idrisu ta ce ya zo ya ci, shi ke nan, gobe za ta tafi, kuma ban san ko zan sake samun irin wannan ranar ba. Hajja Batula ta zo ta karɓe kwanukan daga hannuna ta kai gaban Inna ta ajiye. Na roƙe ta tun a gida kada ta yi mata dabara, ta faɗi gaskiya, ta kuwa faɗa da muryar nan tata.

"Hajja, gari nawa ne, tukunya tawa ce, itace na gona ne, kuka da daddawa da mai naki ne. Ba ko ƙwayar gishirin surukinki a ciki. Hannu ne kawai na Hajara."

Hajja Batula ta sunkuya ta ɗauke ki daga cinyar Inna, ta ce zafi ya dame ki bari ta watsa miki ruwa a bakin injin. Ta tafi da ke, ta ja mijinta suka ɓace cikin dabinai. Wannan ba ya cikin shirinmu, ita ta ƙara da kanta.

Na tsaya jikin wani dabino a bayan Inna, ba kusa ba. Ta daɗe tana kallon kwanukan. Sannan ta jawo buta ta wanke hannu, ta gyara zama ta ƙara ba ni baya, ta buɗe. Na ga gwiwar hannunta ta sauka, ta tashi. Ta sake sauka. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma tsaya ba, tana ci kamar mai yunwar kwana da kwanaki, kuma yunwar ce. Ni ina tsaye hawaye yana zuba, na toshe baki da gefen mayafi don kada ta ji ta fasa. Can sai hannun ya tsaya. Ta duba dama, ta duba hagu, ta leƙa wajen injin, na gane ke take nema. Ba ke, ba Hajja Batula, ba kowa a gonar nan da za a aika sai ni da ita. Har na ɗauka ta gama ke nan. Sai ta ɗaga kwanon miyar ta miƙo shi baya, idonta yana kan inabin.

"Ke. Ƙaro miya."

Na zo na karɓa da hannu biyu. Ban ma ga tukunyar sosai ba, na dai juye duk abin da yake ciki, har da rabon masu gona, na kankare gindin. Da na dawo na tarar ta matsa gefe, ta bar wuri a tabarmar. Na ajiye kwanon na zauna. Ba ta ce in ci ba, ni ma ban sa hannu ba. Na tsinko ganyen inabi guda ina kore mata ƙuda har ta cinye.